Maganin Feshi Guba Ne: Horo da Nauyin da ke Kan Masu Aiki da Shi a Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram a tsakiyar damina, da wuya ya yi nisa bai hangi wani saurayi goye da injin feshi a cikin gona ba. Sau da yawa za a gan shi da singileti da gajeren wando, ƙafa babu takalmi, ruwan magani na ɗiga daga murfin tanki yana bin gadon bayansa. Idan kaka ta yi kuma, aka kai wake da gyaɗa da dawa kasuwanni irin su ta Sara, sai aikin ya koma rumbu da sito, inda ake sanya wani maganin domin kada ƙwari su cinye abin da aka sha wahalar nomawa.

Idan aka ambaci kiyaye lafiyar ma'aikata, akasarin mutane kan kai tunaninsu ga manyan masana'antu irin na Bompai da Sharada a Kano. Amma a kudancin Jihar Jigawa, wurin aikin mafi yawan jama'a shi ne gona, da rumbu, da shagon sayar da kayan noma. A waɗannan wurare ne ake ta'ammali da sinadarai masu haɗari a kullum, kuma masu yin aikin, cikinsu har da ɗaliban sakandare da ke neman na kashewa a lokacin hutu, galibi babu wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda waɗannan magunguna ke cutar da jikin ɗan Adam, da irin horon da ya wajaba a ba mai aiki da su, da kuma nauyin da ya rataya a wuyan kowa, tun daga mai sayarwa har zuwa mai feshi.

Hanyoyin da guba ke shiga jiki

Sunan da muke kiran waɗannan sinadarai da shi, wato "magani", yana daga cikin abin da ke ruɗin mutane. An ƙera su ne domin su kashe abu mai rai, ƙwaro ne ko ciyawa ko ɓera, kuma jikin mutum yana da abubuwa da yawa da ya yi tarayya da waɗannan halittu a kansu. Tun a ƙarni na 16 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus ya nuna cewa yawan abin da ya shiga jiki shi ne ke mayar da shi guba. Saboda haka aikin kariya gaba ɗayansa ya ta'allaƙa ne ga rage yawan abin da zai shiga jikin ma'aikaci.

Hanyoyin shigar guda huɗu ne: fata, da numfashi, da baki, da ido. Mutane sun fi jin tsoron ta baki, alhali kuwa ga mai feshi fata ce babbar ƙofa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1971 ya gwada yadda sassan fatar mutum ke tsotse wani maganin ƙwari, aka tarar cewa fatar goshi tana tsotsewa kusan ninki huɗu na fatar damtsen hannu ta ƙasan gwiwa, fatar matsematsi kuwa fiye da ninki goma sha ɗaya. Ke nan mai feshin da ya share gumin goshinsa da jiƙaƙƙen hannu, ko ya kewaya bayan gona ya yi fitsari bai wanke hannu ba, ya buɗe wa gubar hanya mafi sauƙi. Zafin rana da gumi kuma suna ƙara saurin tsotsewar.

Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne na haɗa magani. Alal misali, a ce takardar jikin kwalba ta yi umurni da a zuba mililita 40 a cikin tanki mai cin lita 16. Lita 16 daidai take da mililita 16,000, wato an sirka maganin sau 400 ke nan. Ma'ana, ɗigo ɗaya da ya faɗo wa mutum daga kwalba yana ɗauke da gubar ɗigo 400 na cikin tanki. Wannan shi ya sa buɗe murfi da haƙori, ko motsa haɗin da hannu, ko busa toshasshen bakin famfo da baki, suke cikin mafi munin kurakurai.

Sinadarai uku da ya kamata a sani

Na farko shi ne DDVP, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Sniper, kuma shi ne ake sirkawa a ɗura a ƙananan kwalabe ana kiransa fiya-fiya. Yana cikin dangin sinadaran da masana ke kira oganofosfet. Domin a gane aikinsa, sai mu tuna da darasin jijiyoyi. Idan ƙwaƙwalwa ta aika wa tsoka saƙo, wani sinadari mai suna asetilkolin ne ke isar da shi, da zarar ya isar kuma sai wani sinadarin ya rushe shi domin tsokar ta huta. Oganofosfet yana ɗaure wannan mai rushewar ne, sai saƙon ya yi ta bugawa babu tsayawa, kamar ƙararrawar makaranta da ta maƙale. Alamominsa su ne dalalar yawu, da gumi mai yawa, da hawaye, da amai da gudawa, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da karkarwar tsoka. Idan abin ya yi tsanani sai majina ta cika huhu, numfashi ya gagara. Likitoci suna da allurar atirofin da ke karya lagonsa, muddin an kai mutum asibiti a kan lokaci.

Na biyu shi ne ƙwayar adana hatsi, irin su Phostoxin, wadda wasu ke kira bom. Ita wannan ƙwaya, da zarar ta haɗu da laimar da ke cikin iska sai ta fara fitar da iskar gas mai suna fosfin. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan iska. Warinta kan yi kama da na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, sai dai ba a dogara ga hanci, domin tana iya kaiwa matsayin kisa mutum bai ankara ba, musamman mai barci. Tana ratsa saƙar buhu, tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa. Don haka ajiye buhunan da aka sa wa ƙwayar a ɗakin kwana, ko a ɗakin da ke manne da shi, ganganci ne da rayuwar iyali, kuma yara ƙanana ne kan fara faɗuwa. Wannan guba ba ta da makari.

Na uku shi ne farakwat, maganin ciyawar da aka fi sani da sunan Gramoxone. Kurɓi ɗaya na wanda ba a sirka ba yana iya kashe babban mutum, domin yakan taru a huhu ya lalata shi a hankali cikin kwanaki ko makonni. Shi ma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta daina amincewa da shi tun 2007, a Nijeriya kuma hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi daga farkon 2024. Duk wanda ya tarar da tsohuwar jarkarsa a sito, to ya san abin da ke gabansa.

Abin da ya riga ya faru

Haɗarin bai tsaya ga mai feshi kaɗai ba, yana bin abincin har cikin kwano. A 2008 an kwashi ɗalibai fiye da 120 na makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Doma a Jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake. Gwajin da aka yi ya nuna cewa waken na ɗauke da sinadarin lindan, wanda manoma suka sani da sunan Gammalin. A shekarar ce NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30, kuma a 2009 aka sanya lindan cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta nemi duniya ta daina amfani da su.

Akwai kuma asarar dukiya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan DDVP da aka yi ta samu a cikinsa. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilogiram, wato miligiram 1 tak a buhu mai nauyin kilogiram 100. A wasu samfuran an tarar da har miligiram 4.6 a kilogiram, ninki 460 ke nan na abin da aka yarda da shi. Ɗan kasuwar da ya yayyafa maganin a kan wake a cikin sitonsa yana ganin dukiyarsa ya tsare, alhali ya rufe wa manoman ƙasa baki ɗaya wata babbar kasuwa, ya kuma aika da guba gidajen da bai sani ba.

Takardar jikin kwalba

Darasin farko na kowane horo shi ne karanta takardar da ke manne a jikin kwalba ko jarka. A cikinta ake samun sunan sinadarin da ƙarfinsa, da amfanin gonar da aka yarda a fesa masa, da awon haɗawa, da kwanakin da za a jira kafin a shiga gonar ko a girbe, da taimakon gaggawa, da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan ƙwari aji-aji gwargwadon ƙarfin gubarsu, kuma akan nuna ajin da wani zanen launi a gindin takardar. Ja yana nufin guba mai tsananin haɗari, ruwan ɗorawa matsakaiciya, shuɗi mai sauƙin haɗari, kore kuwa wanda ba a sa ran zai cutar nan take idan an bi ƙa'ida. DDVP yana cikin ajin masu jan launi. Kada mai karatu ya ɗauka cewa kore na nufin a yi sakaci, domin cutar da ke taruwa a jiki cikin shekaru ba ta cikin wannan awo. Bugu da ƙari, tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin alamomi na bai-ɗaya, masu siffar lu'u-lu'u da jan gefe: ƙoƙon kai da ƙasusuwa na nufin guba mai kisa, harshen wuta na nufin abu mai saurin kamawa, mataccen kifi da busasshiyar bishiya na nufin mai gurɓata ruwa da muhalli.

Matsalar ita ce, kusan duk waɗannan bayanai da Turanci ake rubuta su, ga kuma ɗabi'ar ɗura magani a robar lemo ko ta ruwan sha a sayar a tsittsinke. Kwalbar da ba ta da takarda ta raba mai aiki da iliminsa, ta raba likita da abin da zai dogara a kai, sannan ta zama tarko ga yaron da ke jin ƙishirwa. Saboda irin wannan haɗari ne, da kuma yawan shan maganin da gangan, NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna a 2019.

Matakan kariya bi da bi

Masana lafiyar ma'aikata sun jera matakan kariya daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, kuma abin lura shi ne safar hannu da takunkumi su ne na ƙarshe a jerin.

Mataki na farko shi ne kawar da gubar baki ɗaya idan da hali. Kyakkyawan misali shi ne buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, ana kuma ƙera shi a Kano. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar oksijin ɗin da ta rage, su daina ci da hayayyafa, daga bisani su mutu. Duro ko jarka mai murfin da ba ya shigar da iska suna yin wannan aiki idan an cika su taf.

Na biyu shi ne musanya mai tsananin guba da mai sauƙi, wato idan shuɗi zai yi aikin, kada a sayi ja. Na uku shi ne gyaran kayan aiki: tankin da ba ya yoyo, da sito mai kulle da tagar shan iska, nesa da abinci da wurin kwana. Na huɗu shi ne tsarin aiki: a yi feshi da sanyin safiya ko da yamma, kada a yi shi cikin iska mai ƙarfi, mai feshi ya tsaya ta yadda iska za ta ɗauke feshin daga jikinsa, kuma babu ci, babu sha, babu goro ko taba sai an wanke hannu da fuska da sabulu.

Na biyar su ne kayan sawa: riga mai dogon hannu da dogon wando, da dogon takalmin roba da aka saki ƙafar wando a kansa, da safar hannu ta roba, da tabarau, da hula, da takunkumin da ya dace. Safar hannu ta yadi ko ta fata tana shan maganin ne ta riƙe shi a jikin fata, haka ma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci idan ya jiƙe. Bayan an gama a yi wanka, a wanke kayan aikin daban da na iyali. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, ana juye ɗaurayen a cikin tanki, sannan a huda ta domin kada wani ya zuba mai ko nono a ciki. Kada a wanke tanki a bakin rijiya, ko kogi, ko kududdufin da dabbobi ke sha.

Nauyin da ke kan kowa

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara wannan rabon nauyi a Yarjejeniya mai lamba 170 ta 1990 a kan sinadarai a wurin aiki. Mai ƙerawa da mai sayarwa su ne za su tabbatar kowane sinadari yana ɗauke da takardarsa da bayanin haɗarinsa. Mai ɗaukar aiki shi ne zai auna haɗarin, ya samar da kayan kariya, ya horar da ma'aikaci. Ma'aikaci kuma wajibinsa ne ya bi abin da aka koya masa, kuma yana da haƙƙin ya janye daga aikin da ya ga yana barazana ga ransa. Wata yarjejeniyar mai lamba 184 ta 2001, wadda ta keɓanta ga aikin gona, ta sanya shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun yin aiki mai haɗari. A nan gida, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta horar da sabon ma'aikaci da ba shi kayan kariya, sai dai an tsara ta ne domin masana'antu, kuma sufetocinta ba gonaki da rumbuna suke zagayawa ba.

Idan muka kawo wannan tsari ƙauyukanmu, mai shagon magani shi ne malamin farko da manomi ke gani, don haka bai kamata ya sayar da abin da ba zai iya bayaninsa ba, ko wanda aka haramta, ko ya miƙa wa yaro ɗan aike. Mai gonar da ya ɗauki ɗan ƙwadago ya yi masa feshi, ko da na yini ɗaya ne, ya zama mai ɗaukar aiki, kuma ruwa da sabulu da safar hannu da tanki mai kyau suna cikin kuɗin aikin kamar yadda ladan yake. Kada ya sa ƙaramin yaro, ko mai juna biyu, ko mai shayarwa. Ƙwayar fosfin kuwa aikin wanda aka horar ne kaɗai, a sito na musamman da za a toshe kwana da kwanaki, sannan a buɗe ya sha iska kafin kowa ya shiga. Malaman gona na hukumar JARDA da ƙungiyoyin manoma su ne suka fi cancanta su shirya horon, kuma horo na gaskiya shi ne wanda mutum zai haɗa, ya fesa, ya wanke a gaban mai koyarwa da ruwa zalla, a kuma maimaita shi a farkon kowace damina.

Idan haɗari ya auku

Mai kai ɗauki ya fara kare kansa. A fitar da mutumin zuwa fili mai iska, a cire masa jiƙaƙƙun tufafi, a wanke fatar da ruwa mai yawa da sabulu. Idan ido ne, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na tsawon minti 15. Idan ya haɗiya, kada a ɗura masa manja ko nono ko madara, domin da yawa daga cikin magungunan nan suna narkewa a cikin maiƙo, ga kuma haɗarin shaƙewa. Kada a tilasta masa amai, domin wasu an haɗa su da dangin kananzir, wanda idan ya faɗa huhu yakan yi mummunar ɓarna. Idan ya suma a kwantar da shi a kan gefensa. Daga nan a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, tare da kwalbar ko takardarta. Ko da ya ce ya ji sauƙi a kai shi, domin gubar farakwat da ta fosfin sukan yi lamo kafin su bayyana.

Kammalawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fanni maganar ta zauna daram, tunda biyu daga cikin sinadarai ukun da muka ambata ba su da makari. A gidaje da yawa na Birnin Kudu da Gwaram, ɗalibin sakandare shi ne wanda ke iya karanta takardar kwalba, ya kuma lissafa mililita da lita, saboda haka shi ma yana da nasa kason na nauyin.

Ga malaman kimiyya da na aikin gona, muna ba da shawarar wani ɗan aiki kafin hutun damina. A nemi takardun magungunan da ake sayarwa a kasuwar garin, ko hotunansu, ba tare da an kawo kwalaben cikin aji ba. Ɗalibai su kasa su bisa launi, su fitar da sunan sinadarin da awon haɗawa da kwanakin jira, su mayar da bayanin cikin Hausa da boko da ajami a kan babbar takarda. Sannan a gayyaci malamin gona ya duba ya gyara, a kai kwafi ga masu shagunan magani da shugabannin manoma, kowane ɗalibi kuma ya tafi gida da nasa.